Hular Yatsan Baba Kafinta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Na ji kun ce ta zo a ji ta. To ku matso, don ta tsakiya za mu shige ta, daidai lokacin da akawun ofishin filaye ya kama babban yatsan Baba Kafinta karo na huɗu, ya danna shi a tawada, ya danna a takarda, ya ɗaga. Baƙin tabo kawai ya fito, sumul, kamar mai ya ɗiga a riga. Zane ko ɗaya babu.

"Baba, miƙo na hagu."

"Ɗana, na hagun ma tare suka yi aikin."

Aka gwada na hagu. Aka bi sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya har kan autansu, takardar gwaji ta cika da tabo kamar kaza ta taka laka ta bi ta kai. Akawun ya juya tafin hannun tsohon yana dubawa a hasken taga.

"Baba, me ka yi wa hannun nan?"

"Shekara arba'in da 'yan kai ina goge katako da samfefa. Ashe ni ma tana goge ni ban sani ba."

Mai Keke, wadda ke tsaye a bayansu, ta yi dariya, sannan ta kama bakinta da ta ga ba wanda ya taya ta. Ita tela ce. Gidanta na jikin nasu, katanga ɗaya ta raba su shekara ashirin da shida, kuma yau a matsayin shaida aka zo da ita. Har ɗankwalinta mai tsada ta ɗaura, tana zaton kafin azahar sun koma gida ana ta yi musu barka.

Gidan da ake magana a kai ba wani babban gida ba ne. Ɗaki biyu ne da kicin, da rumfar kwano a gaba inda Baba Kafinta yake aikinsa, da akurkin kaji a baya inda matarsa take nata. Shekara talatin da ɗaya suna haya a ciki. Duk ƙofar da ke gidan shi ya kafa ta, duk tagar da ta karkace shi ya miƙar da ita. Da mai gidan ya rasu, 'ya'yansa suka ce sayarwa za su yi, suka kuma yi halacci suka fara yi wa tsohon tayi. Kuɗin kujeru da kuɗin ƙwai da aka daɗe ana ajiyewa suka haɗu, suka kai da ƙyar. Baba Kafinta ya ɗauka shi ke nan, a miƙa kuɗi a karɓi makulli, makullin da dama yana aljihunsa. Sai lauya, wata yarinya mai tabarau da ba ta ɗaga murya, ta zaunar da shi ta ce da saura. Akwai kuɗin lauya, na binciken takardu da rubuta yarjejeniya. Akwai kuma harajin sayen gida, wanda sai an biya shi hukuma take buga hatimi a takardar mallaka.

"Hukumar ta taɓa zuwa ta toshe min yoyon rufi?" in ji shi.

"A'a, Baba."

"To ki gaishe ta."

Amma dai ya nemo. Ya sayar da injin yankan katakonsa, abin da ya fi komai daraja a rumfar, ya koma zarto kamar lokacin yana saurayi. Kuɗin duka suna hannun lauya. Abin da ya rage shi ne mai saye ya sa hannu a gaban akawu. Shi kuwa bai iya rubutu ba, dangwale yake yi. Ga shi yatsa ya ƙi.

Lauya ta fito da su baranda ta zaunar da su a benci. Ta ce ƙiyasin harajin na kwana talatin ne, kuma iyakar abin da 'ya'yan mai gidan za su iya jira ke nan, don akwai wani ɗan kasuwa da ke son wurin ya rushe ya yi shaguna. Ta ce ana iya hutar da yatsan mako uku, a bar aiki gaba ɗaya, sau da yawa zanen yakan dawo. Ana iya neman takardar likita a je kotu a yi rantsuwa, amma wannan sai ya ci wata biyu.

"Ko kuma," ta ce, "abin da ya fi sauƙi, a sa sunan Mama. Ita yatsanta lafiya lau."

Matar tasa, wadda har lokacin yake kira Amarya ko da yake ta haura sittin, har duk layin suka ɗauka, ta juyo a hankali ta dubi lauya daga sama har ƙasa.

"'Yar nan, kin ga wanda ke zaune kusa da ni?"

"Na gan shi, Mama."

"Numfashi yake yi ko ba ya yi?"

"Yana yi."

"To sunansa za a sa. Za mu hutar da yatsa."

Da za su sauka, Baba Kafinta ya tsaya a tsakiyar matakala yana mayar da numfashi, kamar yadda ya tsaya sau biyu wajen hawa. Ya ce mata su yi gaba. Mai Keke ta waiga ta ga ya jawo lauya gefe yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, yarinyar ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi. Mai Keke ta ɗauka ragi yake nema.

Tun daga ranar aka kafa doka. Amarya ta tattara zarto da guduma ta kulle a akwati, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Safe da yamma sai ta zaunar da shi ta shafa wa manyan yatsun biyu basilin, tana murzawa tana mita. Bandeji ya ƙi zama, kullum sai ya zame. Nan ne Mai Keke ta shigo da tata sana'ar. Ta auna yatsun da tef kamar mai auna wuyan riga, ta ɗinka musu 'yan huluna daga ragowar yadi mai laushi, guda huɗu, biyu a sa biyu a wanke, kowace da ɗan zaren ɗaurewa.

Sai ga Baba Kafinta zaune a rumfa ba aiki, hannu biyu a kan gwiwa, manyan yatsu a tsaye sanye da hula, kamar mai jinjina wa duk wanda ya wuce. Mai burodi ya wuce ya jinjina masa shi ma. Direban da ke ƙarshen layi ya tsayar da mota ya ce, "Baba, naɗin sarauta aka yi musu ba a gayyace mu ba?"

"Hutu suke yi. Kai ka taɓa jin an ba ka hutu da hula?"

Kwana tara ana haka. A rana ta goma Mai Keke ta karɓi biyun da za a wanke, don ɗinkin ɗaya ya fara warwarewa. Ta juya ta ciki waje, sai ta ji wani abu yana ƙaras-ƙaras a yatsanta. Ta kai bakin taga. 'Yan ƙwayoyin yashi ne ja-ja, sun manne a cikin basilin. Ta san su sarai. Duk sa'ad da almakashinta ya dakushe, wajensa take karɓo guntun samfefa ta yi ta yanka shi har almakashin ya dawo hayyacinsa, kuma irin wannan yashin ne yake zubo mata a cinya.

Washegari da hantsi ta jira Amarya ta ɗauki kiret ɗin ƙwai ta nufi shagunan bakin titi. Ta leƙa rumfa, ba kowa. Ta shiga tsakar gida a hankali, sai ta ji shi daga bayan akurki, shaf, shaf, shaf, a hankali kuma a tsare, irin gogewar wanda ya san aikinsa. Yana zaune a kan bokiti da aka kife, hulunan a kan gwiwarsa, yana murza babban yatsa a kan samfefa.

"Sannu da aiki, Baba."

Ya ɓoye hannun a baya kamar yaron da aka kama a bakin tukunya.

"Wane aiki? An hana ni aiki."

"Kujerar wa kake gogewa?"

Sannan ya fito da hannun ya ɗora a gwiwa.

"Jawo wancan kututturen ki zauna, maƙwabciya. Tsayuwarki tana sa ni jiri."

Ta zauna. Kaji suka taru suna tsammanin hatsi.

"Ran nan da na dawo daga asibiti na ce likita ya ce da sauƙi, ba haka ya ce ba. Cewa ya yi ƙurar katako ta gama da huhun, zuciyar ma ta gaji. Ya ce in akwai abin da nake son gyarawa, in gyara." Ya tsaya ya yi tari. "Na tambayi yarinyar nan lauya a matakala. In aka sa sunana yau, gobe na faɗi, kafin gidan ya koma hannun Amarya sai an sake biyan lauya, an sake biyan hukuma. Inji ɗaya gare ni, na kuwa sayar. Ga 'ya'yan ƙannena. Ba mugaye ba ne, amma su bakwai ne, kowa da bakunan da yake ciyarwa, mu kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. Gida mai ɗaki biyu ba ya rabuwa bakwai sai an sayar da shi. Rabin kuɗin nan kuwa ƙwanta ne. Ke shaida ce, kin fi kowa shan kukan kajin nan."

"To ka gaya mata mana."

"Kin ji ta a baranda. In na ce mata ta sa sunanta, me na ce mata ke nan?"

Mai Keke ta kori wata kaza da ke caccakar takalminta.

"In yatsan ya ƙi, ita ma ta ƙi fa?" ta ce can. "Kwana talatin su cika, ku tashi ba gida ba inji?"

"Ba za ta bari ba. Taurin kai gare ta, amma ba za ta tsaya tana kallo a rushe akurkinta a yi shagon taya ba." Ya miƙo mata yatsa. "Ɗaura min, ba na iya ƙulla zaren da hannu ɗaya. Duk layin nan ba mai bakinki, amma ke aka nufa ki gani. Ki riƙe min."

Ai kuwa ya ɗora mata kaya. Mai Keke irin matan nan ne da in labari ya shige su da safe ba ya kai la'asar a ciki. Ba mugunta ba ce, ita dai magana ba ta zama mata. Ga Amarya kullum da yamma sai ta shigo ta zauna a kan tabarmar gefen keke, tana tsinke zare daga rigunan da aka gama suna hira. Sai Mai Keke ta samo dabara. Da ta ji motsin takalmin Amarya, sai ta kwashi alluran kama ɗinki guda biyar ta jera a baki. Amarya ta yi ta zance, ita kuwa sai "uhm" da "uhm-uhm".

"Ƙanwata, wannan rigar ba ta ƙarewa ne? Kwana shida tana cin allura."

"Uhm."

A rana ta ashirin da biyu suka koma ofishin. Akawun ya cire hular da kansa, cikin girmamawa, ya danna. Tabo, ya fi na farko ma santsi. Lauya ta ɗaga kai tana kallon fanka. Mai Keke ta dubi takalminta.

"Abin mamaki," in ji Baba Kafinta. "Duk basilin ɗin nan."

"A ƙara mako," in ji Amarya.

"Mama, kwana takwas ya rage," akawun ya ce.

"Na iya ƙirga, ɗana. Ƙwai nake sayarwa."

A makon nan jikin tsohon ya ja baya ƙwarai. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, Mai Keke ta farke masa bakin wando ta ƙara yadi. Daga ɗaki zuwa rumfa sai ya dafa bango. Duk da haka, da Amarya ta fita da kiret, sai Mai Keke ta ji shi ta bayan katanga, shaf, shaf. Sai ta taka keke da ƙarfi don kada ta ji. Ranar Laraba ta ga ɗan kasuwar nan ya zo da wani mai tef, sun tsaya a tsallaken layi suna nuna gidan da yatsa.

A rana ta ashirin da takwas, da ta juya hular dama don wankewa, ba yashi kaɗai ta gani ba. Jini ne ya bushe a ciki, ɗan tabo kamar girman farce. Tana riƙe da ita ke nan ta ji takalmin Amarya. Ta cusa hular a ƙarƙashin cinya, ta kwashi allurai ta jera a baki.

Amarya ba ta zauna a tabarma ba. Ta jawo kujera har gaban keke, ta zauna suna fuskantar juna. Ta miƙa hannu ta zare alluran daga bakin Mai Keke ɗaya bayan ɗaya, tana soka su a jikin matashin allura, har biyar.

"Za ki haɗiye ɗaya wata rana, a ce ni ce sila. Na sani."

"Kin san me, Yaya?"

"Shekara arba'in ina jin ƙarar samfefar mutumin nan. Daga bakin titi ina iya gaya miki mai laushi ce ko mai kaushi. Kuma ni nake shafa basilin ɗin. Yatsan da ya huta da wanda aka goge da safe, kina ganin hannuna bai san bambancinsu ba? Tun kwana na biyu na sani. Maganar likita kuwa, tun ranar da ya dawo ya ce da sauƙi, ya kuma ci abinci bai yi ƙorafin gishiri ba."

"To me ya sa kika ƙi?"

Amarya ta ɗauki wani zare daga ƙasa tana naɗe shi a yatsa.

"Malam bai taɓa barin aiki a rabi ba. In kujera ta rage ƙafa ɗaya, ko zazzaɓi yake yi sai ya tashi ya kafa ta. In ya kafa kuma, sai ya kwanta kwana uku. Wannan ce ƙafar da ta rage masa. Ita take tashinsa kullum da safe, ya lallaɓa bayan akurki yana ganin ya yi min wayo. Ranar da na dangwala, zai kwanta." Ta warware zaren. "Na ce ko kwana talatin ne, in ci su duka."

Sai kawai Mai Keke ta ɗaga cinya ta zaro hular, ta juya ta, ta ɗora a tafin hannun Amarya.

Amarya ta daɗe tana kallon tabon. Ta shafa shi da yatsa.

"Jiya da yamma ya ce ƙusa ce ta karce shi."

"Fatar ta ƙare, Yaya. Gobe nama zai goge."

Amarya ta ninke hular ta sa a bakin zani, kusa da makullin akwati. Ta miƙe.

"Atamfar nan tawa mai ruwan toka, kin gama gyaran hannun?"

"Saura kaɗan."

"Ki gama yau."

Washegari Baba Kafinta bai iya hawa matakala ba. Akawun da kansa ya sauko da tawada da takardu zuwa bencin ƙasa, ya durƙusa zai kwance zaren hular. Amarya ta dafa masa hannu.

"Ɗana, bar yatsan nan ya huta, ba shi da niyya. Kawo tawadar nan."

Lauya ta buɗe jaka ta zaro wata yarjejeniya da aka riga aka buga, da sunan Amarya a kai. Amarya ta dube ta ta gefen ido.

"Ashe a shirye kike."

"Aikina ne, Mama."

Aka danna yatsanta. Zane ya fito raɗau, zagaye cikin zagaye, har akawun ya ɗaga takardar yana nuna wa na kusa da shi. Babban ɗan mai gidan ya sa hannu, Mai Keke ta sa nata a wurin shaida. Kafin la'asar lauya ta biya harajin ta kawo musu rasit.

A cikin tasi Baba Kafinta ya ɓata rai iya ƙarfinsa.

"Kin ga abin da gaggawarki ta ja? Da kin bari zuwa gobe, wataƙila ya fito. Shekara talatin da ɗaya ina ɗan haya, yanzu kuma na koma ɗan haya."

"Ƙarshen wata nake karɓa," in ji Amarya tana kallon waje. "Kuma ban son labari."

"Maƙwabciya, kin ji irin mai gidan da na samu?"

Mai Keke ta ce ta ji. Ba allura a bakinta, amma iyakar abin da ta iya cewa ke nan.

Kamar yadda Amarya ta faɗa, washegari ya kwanta. Ya sa aka kira Mai Keke ya ba ta ƙunshin samfefa gaba ɗaya, har da guntun da ke ɓoye a aljihunsa, ya ce na almakashinta ne. Amma da lauya ta ce hatimi sai bayan mako uku, sai ya buɗe ido ya ce, "To aikin bai ƙare ba ke nan." Amarya ta ci gaba da shafa masa basilin safe da yamma, tana mitar da ta saba, ko da yake ba wanda ke neman yatsan yanzu. Hulunan ma bai yarda a cire ba, wai sun saba.

Lauya da kanta ta kawo takardar, wata ranar Litinin da rana. Aka tada shi zaune aka jingina shi da matashi. Ya ce Mai Keke ta nuna masa inda sunan yake, ta nuna. Ya ce ina hatimin da ya ci masa inji. Ta kwance masa hular dama, ta ɗora yatsan a kan hatimin, irin mai tudu-tudun nan da ake matsawa a jikin takarda. Ya bi shi a hankali, ya zagaya, ya sake zagayawa.

"Ina jin sa," ya ce. "Rabon da yatsan nan ya ji abu ƙanƙane haka, tun ina da gashi." Ya dubi matarsa. "Mai gida, a ba ni aron makullin akwati. Takarda irin wannan ba a ajiye ta a ƙarƙashin katifa."

Kwana uku ya yi yana haɗa mata firam a rumfa, a zaune, minti goma aiki rabin awa hutu. Ya yanka, ya haɗa kusurwa huɗu ba tare da ƙusa ta leƙo ba. Da aka zo gogewa Amarya ta ƙwace samfefar da aka aro daga wajen Mai Keke, ta ce ya taɓa ta ya gani. Ita ta goge, yana daga gefe yana faɗa.

"Ba haka ba. Ki bi jijiyar katakon. Wanke tukunya kike yi?"

"Ɗan haya bai cika surutu haka ba."

Fentin mai sheƙi kuwa shi ya shafa da kansa a rana ta uku da yamma, ya ɗauki firam ɗin ya jingina da bango don ya sha iska.

Da safiyar rana ta huɗu ya ce a fito da shi rumfa. Ya sha shayi rabin kofi. Amarya ta tafi buɗe akurki. Mai Keke ta fito share ƙofar gidanta, ta ce, "Baba, an tashi lafiya?" Bai amsa ba. Yana zaune a kujerarsa, kansa ya ɗan karkata gefe kamar mai duba ko katako ya miƙe, hannu biyu a kan gwiwa. Manyan yatsun sun kwanta.

Ta ajiye tsintsiya ta je ta taɓa shi. Sannan ta shiga tsakar gida, ta tsaya a bakin akurki. Amarya ta juyo da ƙwai shida a cikin zaninta, ta dubi fuskarta. Ta sunkuya ta jera ƙwan a kiret ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba wanda ya fashe. Ta goge hannu, sannan ta wuce rumfa.

An yi jana'iza kafin la'asar. Layin ya cika, don da wuya ka sami gidan da babu kujera ko ƙofar da ta fito daga hannunsa. Akawun ma ya zo, ya tsaya can baya. 'Ya'yan ƙannensa su bakwai suka zo suka yi abin da ya kamata, suka ga takarda, babbansu ya ce, "Kawu ya kyauta," suka ɗauki zarto da guduma don ɗayansu na koyon aikin. Ɗan kasuwar ya sami wani wuri a bakin titi ya yi shagunansa. Lauya takan biyo lokaci-lokaci ta sayi ƙwai, Amarya ta ƙi karɓar kuɗi, su yi ta ja. Mai Keke bakinta ya dawo, har ya fi da, kuma almakashinta bai sake dakushewa ba. Amarya tana nan a gidanta, kajin sun ƙaru, rumfar kuwa ba ta bari a taɓa ta.

Bayan mako biyu ne suka sa takardar a firam. Mai Keke ta hau kujera za ta rataye shi a bangon ɗaki, sai ta ga wani ɗan tabo a kusurwar ƙasa ta dama, inda ya riƙe shi fentin bai bushe ba. Ta kama bakin mayafi za ta goge.

"Bar shi," in ji Amarya daga ƙasa. "Na gani tun ranar."

Mai Keke ta karkata firam ɗin zuwa hasken taga. Babban yatsa ne, ya zauna daram a cikin fentin, zagaye cikin zagaye, kowane zane a fili.